“Ba Mu San Shi Da Komai Ba Sai Alheri”

 

Makon jiya na yi alkawarin za mu ƙarasa maganar yaye, to ga shi na saɓa. Abin dariyar ma, a kan gaskiya nake son mu tattauna yau, sai ga ni na fara da saɓa alkawari. Ku yi mini afuwa. Wani abu ne na gani a Kebbe ya tsaya mini a rai, na ga idan ban fitar da shi ba, ba zan iya rubuta komai ba.

A hutun da ya wuce na tashi daga Tambuwal na je gaida Inna, wadda ke zaune wajen yayata a Kebbe tun bayan rasuwar Baba. Da hantsi muka kama hanya, kun san yanzu ba mai son dare ya yi masa a daji. A gidan na tarar da 'yar yayata da ke karatun Faransanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta zo hutu. Bayan isha'i ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kunna kwamfutarta, wai wani wasa ne aka ce su kalla kafin jarrabawa. Da farko ba wanda ya kula ta. Can sai muka ji mutanen cikin kwamfuta suna ta sheƙa dariya, ita ma tana taya su.

Da muka leƙa, ba fim ba ne irin wanda muka saba. Ɗaki ɗaya ne a kan dandamali, da kujeru, da ƙofofi, 'yan kallo suna zaune a duhu kana jin tarinsu da tafinsu. Kyamara kawai aka kafa aka ɗauki wasan yadda ake yin sa. Inna ta ƙura ido na ɗan lokaci, sai ta ce, “Wanga ai Idon Matambayi na, na Turawa.”

'Yan baya ba za su gane abin da Inna ke nufi ba. Kafin finafinan Kano su cika gidajenmu, wasan kwaikwayon talabijin muke kallo, a gidan maƙwabcin da Allah ya hore wa akwatin, yara a ƙasa, manya a kan benci. NTA Sakkwato tana da Idon Matambayi, Kaduna tana da Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero. Ba waƙa, ba jirgin sama, ba gidan bene. Zaure ɗaya da tabarma sun isa, maganar ce ke aiki. Kafin talabijin ɗin ma akwai na littafi: Abubakar Tunau, ɗan ƙasar Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa tun 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya yi Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya toshe kunnensa daga masu gaya masa gaskiya har matar da ya nace wa ta kai shi ta baro. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979, aka mayar da shi fim a farkon shekarun 1990 a hannun Brendan Shehu. Mai kuɗi ne a ciki, mai kwarjini a idon jama'a, yake ɓata rayuwar 'yar makaranta. Da yawanmu mun karanta waɗannan a aji, muka yi jarrabawa, muka manta. Amma duk abu ɗaya suke yi: su ɗauko mutumin da muke gaisarwa kullum da ladabi, su ɗora shi a gabanmu, su ba mu izinin yi masa dariyar da ba ma iya yi a gabansa.

To wannan na Faransawan ma haka yake. Wani marubuci ne mai suna Moliyer ya rubuta shi, aka fara yin sa a birnin Faris a 1666, zamanin sarkinsu Luwi na 14. Sunan wasan da Hausa kamar a ce “wanda ya tsani mutane”. Shekara fiye da 350 ke nan, kuma har yau ana yin sa ana ɗauka. 'Yar yayata ta riƙa tsayar da shi tana fassara mana. Sunayen suka gagari Inna, don haka jarumin, Alses, ya koma Alasan, budurwarsa Selimen ta koma Salame. Ni ma da su zan kira su, sun fi daɗin faɗi.

Alasan mutum ne da ya rantse ba zai taɓa faɗin abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Da faɗa ma wasan ya buɗe. Ya ga amininsa ya rungumi wani mutum, ya yi ta zuba masa gaisuwa kamar sun shekara ba su haɗu ba, da mutumin ya wuce ya tambaye shi wane ne, amini ya kasa kawo sunansa daidai. Alasan ya ce wannan abin kunya ne, abota ta ƙare. Aminin ya ce haba, zaman duniya ne, wanda ya sakar maka fuska ai sai ka sakar masa.

Ana cikin haka wani babban mutum a fada ya shigo da waƙar soyayya da ya tsara, ya ce Alasan ya gaya masa gaskiya tsakani da Allah, ta yi ko ba ta yi ba. Kun san irin wannan tambayar, yabo ake nema. Amini ya yaba. Alasan ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito fili ya ce waƙar ba ta da kan gado, a ɓoye ta kada kowa ya gani. Magana ta zama rigima har gaban hukuma. Ga shi kuma yana da wata shari'ar a kotu, an ce ya je ya gaida alƙalai kamar yadda kowa ke yi, ya ce shi gaskiyarsa ta ishe shi. Aka kayar da shi.

Inda abin ya fi ba da dariya shi ne wadda zuciyarsa ta zaɓa. Salame bazawara ce 'yar shekara 20, kyakkyawa, mai bakin tsiya. Ɗakinta kullum cike da manema, kowa ta ba shi fuska, kowa yana ganin shi ne a gaba. Sana'arta a zauna a ɗauko waɗanda ba sa nan ɗaya bayan ɗaya tana kwaikwayonsu, ana kwasar dariya. Mutumin da ya tsani baki biyu, sai ga shi ya mace a kan uwar masu baki biyu, kuma ya sani.

Akwai wata kuma, wadda Inna ta sa wa suna Hajiya. Ita ta ibada ce da kamun kai. Ta zo wajen Salame, wai don ƙauna ce ta kawo ta, ta ji ana maganarta a wani gida, ita kam ta kare ta iyakar iyawarta, amma ga abin da mutane ke cewa. Ta zazzage mata tas. Salame ta yi murmushi ta yi godiya, ta ce ita ma don ƙauna za ta rama alheri: ta ji ana cewa Hajiya ba ta wasa da ibada, amma tana dukan masu aikinta kuma ba ta biyan su haƙƙinsu. A nan yayata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wallahi ta san Hajiyar nan, a unguwarsu take. Na ce a tamu unguwar ma akwai ta. Ina jin ke ma mai karatu kin riga kin sa mata fuska.

Ƙarshen wasan, wasiƙun da Salame ta rubuta wa manemanta suka haɗu a hannu ɗaya. A kowace ta yabi wanda ta aika wa, ta yi wa sauran tsiya. Aka karanta su a gaban kowa, a gabanta. Duk suka watse. Alasan kaɗai ya tsaya, ya ce ya yafe, amma da sharaɗin ta bar gari ta bi shi can inda ba mutane. Ta ce aure dai ta yarda, amma 'yar shekara 20 ba za ta iya zaman kaɗaici ba. Ya ce to shi ma ya fasa. Ya fita shi kaɗai, amininsa na bin sa a baya yana neman ya shawo kansa.

Da aka kashe kwamfuta gardama ta tashi. 'Yar yayata ta ce Alasan ne kaɗai mutumin kirki a cikinsu. Inna ta ce sam. “Wanga yaro uwatai ba ta koya mai kara ba. Mutum ya kawo maka waƙatai da murna, mi za ya rage ka in kac ce Allah shi ƙara basira?”

Na daɗe ina juya maganar Inna, kuma ina ganin tana da gaskiya fiye da yadda jikarta ta zata. Ba kowane shiru ne munafunci ba. Amarya ta yi girkinta na farko gishiri ya yi yawa, uwar miji ta ci ta ce Allah ya yi albarka, washegari ta kira ta gefe ta nuna mata. Wannan kara ce, kuma da ita gidaje suke tsaye. Maƙwabciya ta ɗinko atamfar da ba ta karɓe ta ba, ta riga ta biya tela, tana tambayarki a bakin ƙofa za ta tafi biki, me gaskiyarki za ta gyara a lokacin? Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Alasan bai san wannan ba. Kuma idan kin lura, gaskiyar tasa ma akwai son kai a ciki: daɗin a ce shi ne mai gaskiya yake ji, har yana fatan a kayar da shi a kotu don ya sami hujjar zagin duniya. Muna da irinsa a cikin dangi. Ita ce gwaggon da ke cewa “ni dai ba na munafunci”, alhali abin da take nufi shi ne ba ta iya riƙe bakinta, kuma ba ta taɓa faɗin gaskiyar da za ta taɓa ta ita kanta ba.

Amma fa ɗakin Salame ma namu ne. Ku tuna ranar ganin lefe. A buɗe akwati, mu yi ta “Masha Allah, kaya sun yi, Allah ya sa alheri.” Ko ƙofar gida ba mu kai ba an fara lissafi: leshi nawa, atamfa ƙarama ce, sarƙar nan ba gwal ba ce. Ranar jere ma haka. Wani lokaci mun san gadon bashi ne, mun san kwanukan na aro ne za a mayar bayan bakwai, uwar amarya ta san mun sani, a haka kowa ke wasansa. Kuma duk wannan lissafin a kunnen wa ake yin sa? Yarinyar da ke riƙe da gefen zanenki. Ta ji abin da kika ce a ɗaki, ta ji abin da kika ce a hanya. Ba ki zaunar da ita kin koya mata ba, amma ta ɗauke karatun tsaf.

Haka “je ki ce ba na nan” idan mai adashi ta zo. Haka “yi shiru, in na dawo zan sayo maka alewa”, alhali ba ki da niyya. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito wanda ya kamata kowace uwa ta sani. Wata mata ta kira ɗanta ƙarami, Abdullahi ɗan Amir, da cewa ya zo za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. A kan ɗan dabino ke nan. Mu kuma mu yi ta yi daga safe zuwa dare, ranar da yaro ya ce bai taɓa naman miya ba alhali ga maiƙo a bakinsa, mu ɗauko bulala muna tambayar inda ya koyo.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya hana ni barci a daren nan. Akwai wurin da muke kiran abu kara, alhali rayuwar 'yar wani muke bayarwa don mu tsira da fuskarmu. Binciken aure nake nufi.

Shekarun baya, wata dattijuwa ta yi sallama gidana. Daga wani ƙauye ta zo, ɗan maƙwabtanmu ne ke neman jikarta, aka ce ta tambayi na kusa. Na san yaron tun yana rarrafe. Na san yana shan ƙwaya. Na san ya taɓa ɗaga wa uwarsa hannu, don ni na shiga na raba. Matar nan ta zauna a kan tabarmata, ta sha ruwana, ta ce, “'Yata, tsakaninki da Allah, yaya halin yaron nan?” Na tuna uwarsa, wadda ta zauna da ni a asibiti lokacin haihuwata ta biyu. Na tuna katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na tuna yadda za a ce ni na hana ɗanta aure. Sai na ji bakina ya ce, “Wallahi Inna, ba mu san shi da komai ba sai alheri.”

Har da wallahi.

Aka yi biki, na ci shinkafa, na yi anko. Na riƙa gaya wa kaina ai aure na gyara mutum, wataƙila ita ce silar shiryuwarsa. Ba ta cika shekara biyu ba ta koma gidansu da goyo, da haƙori ɗaya a karye. Kafin ta tafi ni ce nake jin kukanta ta katanga. Ranar da kakarta ta zo kwashe kaya muka haɗu a ƙofar gida. Ba ta zage ni ba, ba ta ce komai ba. Gaishe ni ta yi, ta tambayi yara. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na san ba ni kaɗai ba ce. Wannan jimlar ta “sai alheri” ta zama kamar amsar gaisuwa, ana tambaya take fitowa. Kuma mun yi mata rigar addini: mu ce ba ma son giba, ba ma son tona asirin musulmi, mai hana aure shaiɗan ne. To a nan ne muka juya abin. A ganin lefe, inda ya kamata mu yi shiru, bakinmu ba ya rufuwa. A binciken aure, inda shari'a ta ce mu yi magana, a nan muke tuna giba haramun ce.

Ku duba abin da ya zo a Sahihu Muslim. Fatima 'yar Ƙais ta je wajen Manzon Allah (SAW) ta gaya masa mutum biyu na neman aurenta, Mu'awiya da Abu Jahm. Bai ce mata duka mutanen kirki ne ta je ta yi istihara kawai ba. Ya gaya mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma mai dukan mata ne, sannan ya ba ta shawarar Usama ɗan Zaid. Sahabbai ne fa ake magana a kansu, kuma ba sa wurin. Saboda irin wannan ne Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ya halatta, kuma shawarar aure tana ciki. Wadda ta zo ta tambaye ki amana ta ɗora miki.

Sai dai kuma a nan ne ake bukatar darasin Alasan, don faɗin gaskiya ba shi ne kwance wa mutum zane a kasuwa ba. Dubi yadda aka yi wa Fatima: ita ta tambaya, ita aka gaya wa, abin da ya shafi zaman aure kaɗai aka faɗa, a taƙaice, aka wuce. Ba a ɗauko tarihin kakanninsu ba. Idan aka zo gare ki, abin da kika gani da idonki ko kika tabbatar shi za ki faɗa, ban da “an ce”. Abin da mutum ya yi yana yaro ya tuba ya bari shekara da shekaru, ba naki ba ne ki tono. Amma shaye-shayen da yake yi yanzu, duka, saki barkatai, rashin sallah, ciwon da ake ɓoyewa, ƙaryar aiki ko ta gida, waɗannan haƙƙin mai tambaya ne. Kuma ki bincika zuciyarki tukuna. Idan kina jin daɗin faɗin, ko akwai tsohuwar ƙullalliya tsakaninki da uwarsa, to ki yi hattara, kin kusa zama Hajiyar cikin wasa.

Idan kuma bakinki ya yi nauyi ƙwarai, akwai hanyar da iyayenmu ke bi wadda ba ƙarya a cikinta. “Ku dai ƙara bincike.” “Ni in 'yata ce zan dakata.” “Ku tambayi abokan zamansa da dare.” Mai hankali ya ji wannan ya gane. Abin da ba ki da ikon yi shi ne ki rantse a kan alherin da kin san babu.

Abu ɗaya zan roƙe ku: kada ku yi ta waya. Kada ku yi saƙon murya, kada ku rubuta a WhatsApp. Salame takarda ta rubuta a 1666 aka karanta ta a gaban jama'a. Yau ko tashi ba sai an yi ba, dannawa ɗaya ne muryarki ta zaga dangi uku kafin la'asar, a yanke farkonta a bar inda ya fi zafi. Ki sa hijabinki ki je, ko ki ce ta zo, ku shiga ɗaki ku biyu. Wannan gargaɗin har da 'yan matanmu, masu ajiye samari huɗu a waya kowa ana ce masa shi ne. Ku ba su labarin Salame. Ramin ƙarya ƙurarre ne tun a zamanin wasiƙa, balle yanzu da ake ɗaukar hoton hira.

Sannan mu juyo kanmu, don laifi tudu ne. Idan ɗanki ne mai matsalar fa? Idan 'yarki ce ke da lalurar da kike cewa a yi shiru har a ɗaura? Mafi yawan ɓoye-ɓoyen aure ba maƙwabta ke fara shi ba, mu iyaye ne. Ɗauki maganar sikila. Idan namiji AS ne mace ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Gwajin ba wuya, amma sau nawa aka san sakamako aka danne, don an riga an karɓi kuɗin gaisuwa kuma ana jin kunyar mayarwa? A Jihar Kano sai da aka kafa doka a 2024 da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Doka za ta iya tilasta gwajin jini, amma ba dokar da za ta auna hali. Wannan yana bakin maƙwabta da iyaye, wato mu.

Ban gaya wa su Inna labarin dattijuwar nan a daren ba. Sai da safe, muna tsince shinkafa da yayata, na ba ta. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ma tana da tata a gaba. Wata ƙawarta daga wajen Kuchi ta aiko za ta zo, ana neman 'yarta, kuma yaron ɗan ƙanin maigidanta ne. Ya yi aure sau biyu, duka matan da ƙafarsu suka gudu, kuma yayata ta san dalili, don ɗaya a ɗakinta ta kwana ranar da ta fito. Dangi sun riga sun gama magana cewa a ce rabo ne ya ƙare.

Na ce, “To Yaya, me za ki ce mata?”

Ta ce, “Ke da kinka ce sai alheri, kin samu barci?”

Bayan na dawo Tambuwal da mako biyu ta kira ni. Ƙawar ta zo, sun shiga ɗaki, ta gaya mata abin da ta gani da idonta, ba ƙari. An dakatar da magana. Ba a san yadda aka yi ba, zance ya koma kunnen dangin miji. Yau wata guda ke nan matar ƙanin maigidanta ba ta amsa gaisuwarta, an yi suna a gidan ba a aiko mata ba, maigidan kansa sai da ya yi kwana uku yana cin abinci ba ya ce mata sannu. Inna, wadda ta ce Alasan ba shi da kara, ita ce ta kira surukin nata ta ce masa in 'yarsa ce ake nema, wace amsa zai so a ba shi. Bai ce komai ba, amma ya dawo yana magana.

Na tambayi yayata ko ta yi nadama. Ta ce ranar sunan, da ta ji guɗa daga gidan tana zaune ita kaɗai, ta yi kuka. Ban sake tambayarta ba.

Ke fa 'yar'uwa, an taɓa zuwa bincike wajenki? Me kika ce, kuma me ya biyo baya? Ku rubuto a ƙasa, amma don Allah ban da sunan kowa, ban da sunan unguwa. Maganar yaye kuma sai mako mai zuwa, wannan karon da yardar Allah ba zan saɓa ba.